Mai Kaji, 'Yar Mai Kanti da Harajin Kai: Tarihin Yaƙi da Haraji a Birtaniya

A watan Afrilun 1945, Yaƙin Duniya na Biyu na gab da ƙarewa, mujallar Reader's Digest ta Amurka ta buga taƙaitaccen bayanin wani littafi da ya fito a Ingila shekara guda kafin nan. Sunan littafin The Road to Serfdom, wato hanyar da ke kai mutane ga bauta. Marubucinsa Friedrich Hayek ne, haifaffen Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ke koyar da ilmin tattalin arziki a Landan tun 1931. Cikin waɗanda suka karanta akwai wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Antony Fisher, wanda ɗan'uwansa ya rasu a gumurzun sama na 1940. Abin da ya karanta ya hana shi sukuni, har ya tashi takanas ya je ofishin Hayek ya ce masa yana so ya shiga siyasa don ya tare wannan hanya. Hayek ya ce masa kada ya ɓata lokacinsa. Ɗan siyasa, in ji shi, bin abin da jama'a suka riga suka yarda da shi yake yi. Wanda ke son sauyi sai ya nemi malaman jami'a da 'yan jarida da marubuta, domin su ne ke ɗura wa jama'a ra'ayi.

Hujjar Hayek ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwa. Farashi saƙo ne. Idan gero ya yi tsada, manomi ya ji saƙon ya ƙara shuka, mai saye ya ji ya rage awo, ba tare da wani ya ba su umarni ba. Idan gwamnati ta ce ita za ta tsara abin da za a noma da abin da za a ƙera da nawa za a sayar, to ta toshe wannan saƙo, kuma babu ofishin da ke da ilmin da zai maye gurbinsa. Da tsarin ya fara cijewa sai a koma tilasta wa mutane, daga nan 'yanci ya fara zaizayewa. Wani abin da magoya bayansa suka cika mantawa shi ne, a cikin littafin nan Hayek ya amince gwamnati ta tabbatar kowa ya sami ɗan abinci da matsuguni da sutura. Tsara komai daga sama ne abin da yake tsoro.

A lokacin kuwa kusan babu mai saurarensa. Winston Churchill ya ɗan ari wannan ra'ayi a yaƙin neman zaɓen 1945, ya ce gwamnatin gurguzu sai ta buƙaci wani irin ɗan sandan ciki kamar na Hitler. Clement Attlee na jam'iyyar Leba ya mayar masa da cewa wannan kwancen ra'ayin wani farfesa ne ɗan Ostiriya, kuma jama'a suka ba Attlee ƙuri'a da gagarumin rinjaye. Cikin shekara shida gwamnati ta karɓe babban banki, da ma'adinan kwal, da jiragen ƙasa, da lantarki, da iskar gas, da masana'antar ƙarfe. A ranar 5 ga Yulin 1948 aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, inda ake duba kowa kyauta da kuɗin haraji. Mutanen da suka sha yunwa da zaman kashe wando a shekarun 1930, suka kuma ga yadda gwamnati ta tsara yaƙi har aka ci nasara, ba su ga dalilin jin tsoronta ba. Ko da jam'iyyar Churchill ta masu ra'ayin riƙau ta dawo mulki a 1951, kusan duk wannan gini ta bar shi yadda ta same shi.

Hayek ya tara mutum 39 a wani ƙauyen kan dutse a Suwizalan, Mont Pelerin, a watan Afrilun 1947, cikinsu har da wani matashin malami daga Chicago, Milton Friedman. Shi kuwa Fisher noma ya koma. A 1952 ya je Amurka ya ga yadda ake kiwon kaji dubbai a rumfa guda, ya dawo ya kafa irin wannan gona a Buxted, ya mayar da naman kaza abincin talaka a Ingila, shi kuma ya yi kuɗi. Da ribar kajin nan ya kafa cibiyar nazarin tattalin arziki da ake kira IEA a 1955. Mutum biyu suka riƙe ta, Ralph Harris da Arthur Seldon, dukansu 'ya'yan talakawan Landan, abin da ya sa da wuya a ce musu 'yan koren masu kuɗi ne kawai. Aikinsu shi ne buga 'yan ƙananan littattafai masu araha waɗanda ɗalibi ko ɗan jarida zai karance a zama ɗaya. Sun yi kusan shekara ashirin suna wannan aiki ana yi musu kallon masu waƙar da ta wuce yayi.

A cikin wannan ayari akwai wanda aikinsa ya shafe mu kai tsaye. Peter Bauer, haifaffen Budafes, ya zo Afirka ta Yamma ya yi bincike kan fatauci, ya fitar da littafinsa West African Trade a 1954. Abin da ya fi sa wa ido shi ne hukumomin sayen amfanin gona da Turawan mulki suka kafa, irin hukumar gyaɗa ta Nijeriya ta 1949. Doka ta ce hukumar ce kaɗai za ta fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi, kuma farashin da manomi ke karɓa yana ƙasa da na kasuwar duniya. An ce rarar ajiya ce don ranar da farashi zai faɗi. Bauer ya ce wannan haraji ne da aka sauya wa suna, kuma an ɗora shi a kan mafi talaucin mutane. Masu kare hukumomin sun nuna hanyoyi da makarantu da aka gina da kuɗin, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai manomin da guminsa ya tara dalar gyaɗa a Kano ba a taɓa tambayarsa ko ya yarda ba. Daga baya Firaminista Margaret Thatcher ta sa aka ba Bauer kujera a majalisar iyayen ƙasa, hukumomin kuma sai a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a shekarun 1970 ne bangon Birtaniya ya tsage. Edward Heath na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya hau mulki a 1970 da alkawarin rage hannun gwamnati a harkar kasuwa, amma a 1971 ya karɓe kamfanin Rolls-Royce da ke neman durƙushewa, da marasa aikin yi suka haura miliyan ɗaya a 1972 kuma ya yi kwana gaba ɗaya. Rikicin mahaƙan kwal ya sa aka taƙaita wa masana'antu lantarki zuwa kwana uku a mako a farkon 1974, ya kira zaɓe ya faɗi. Ministan kuɗi na sabuwar gwamnatin Leba, Denis Healey, ya ɗaga harajin kuɗin shiga na ƙoli zuwa kashi 83 cikin 100. Idan kuɗin daga jari ya fito, kamar ribar hannun jari ko kuɗin haya, akwai ƙarin kashi 15, ya zama 98. Wato daga wani mataki zuwa sama, a kowace fam ɗari fam biyu ce ke zama taka.

Wannan kashi 98 shi ne ya zama abin nuni a bakin masu suka, amma gaskiya mutane ƙalilan ya shafa, kuma akasarinsu suna da akantoci da suka san ta inda ake zillewa. Kamfanoni suka koma biyan manyan ma'aikata da mota da abinci da sutura maimakon albashi. Mawaƙan Rolling Stones tun a 1971 suka tattara suka koma Faransa don gudun haraji. Masu ra'ayin kasuwa suka ce ga shi nan: haraji in ya yi yawa, baitulmali ba ya samun komai, sai dai ya kori masu ƙwazo ya azurta lauyoyi. Amma ƙorafin da ya fi kawo ƙuri'a na ƙaramin ma'aikaci ne. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 27 cikin 100 a watan Agustan 1975. Albashi na hawa don ya kamo farashi, da ya hau sai ya faɗa cikin ragar haraji, har direban bas da leburan masana'anta, waɗanda iyayensu ba su san harajin albashi ba, suka ga ana yanke musu kusan sulusin duk ƙarin da suka samu. A aljihu kuɗi ya ƙaru, a kwandon cefane kuwa ya ragu.

A 1976 darajar fam ta zube har gwamnati ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ta nemi rancen dala biliyan 3.9, tare da sharaɗin rage kashe kuɗi. Ƙasar da ta mulki rubu'in duniya ta miƙa ƙoƙon bara. A watan Satumbar shekarar, Firaminista James Callaghan ya tsaya gaban taron jam'iyyarsa ta Leba ya gaya musu cewa zamanin da gwamnati ke fita daga matsin tattalin arziki ta hanyar ƙara kashe kuɗi ya wuce. Wannan magana daga bakin ɗan Leba ta fito, shekara uku kafin Thatcher ta hau mulki, kuma a ganina a nan ne aka ci rabin yaƙin. Hayek ya riga ya sami kyautar Nobel a 1974, Friedman ya samu a 1976. Sai kuma hunturun 1978 zuwa 1979, lokacin da yajin aiki ya bar shara jibge a tsakiyar Landan, masu haƙa kabari a Libaful suka ajiye shebur.

Margaret Thatcher 'yar mai kantin kayan masarufi ce a garin Grantham, a saman kantin ta tashi. Ta karɓe shugabancin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau daga hannun Heath a watan Fabrairun 1975, bayan ita da ɗan jam'iyyarta Keith Joseph sun kafa tasu cibiyar nazari a 1974. Baiwarta ita ce mayar da maganar farfesoshi maganar uwargida: gida ba ya kashe abin da bai samu ba, gwamnati kuma ba ta da kuɗin kanta sai wanda ta karɓa daga hannun mutane. Ta ci zaɓen 3 ga Mayun 1979.

Kasafin kuɗi na farko, wanda ministan kuɗi Geoffrey Howe ya gabatar ranar 12 ga Yunin 1979, ya ƙunshi kusan duk labarin da zai biyo baya. Harajin ƙoli ya sauko daga kashi 83 zuwa 60, na gama-gari daga 33 zuwa 30. To ina za a cike giɓin? Harajin sayayya, VAT, wanda yake kashi 8 a kan yawancin kaya da 12.5 a kan wasu, aka haɗe shi aka mayar kashi 15. Hujjar ita ce gara a bar wa mutum albashinsa ya zaɓi abin da zai saya, a caje shi a bakin kanti. Masu adawa suka ce talaka ne ke kashe duk abin da ya samu, don haka shi ne zai fi ji a jika, ko da yake an keɓe abinci da kayan yara daga harajin. Nan take farashi ya ƙara tashi, hauhawarsa ta kusa kashi 22 a watan Mayun 1980.

Shekaru biyun da suka biyo baya sun yi muni. Kuɗin ruwa ya yi sama, fam ta yi ƙarfi saboda man Tekun Arewa, masana'antu suka yi ta rufewa a arewacin Ingila da Sikotland da Wales. A kasafin 1981, ana tsakiyar wannan ƙunci, gwamnatin da ta zo rage haraji ta ƙara shi, don ta rage cin bashi. Masana tattalin arziki 364 suka sa hannu a wata wasiƙa suna cewa wannan hanya ba za ta ɓulle ba. Aka yi tarzoma a Brixton da Toxteth. A watan Janairun 1982 marasa aikin yi suka haura miliyan uku, kuma duk wanda ya rasa aiki gwamnati ce ke ba shi na cefane, saboda haka kuɗin da take kashewa ƙaruwa ya yi. Har yau ana gardama kan wasiƙar nan: tattalin arzikin ya fara farfaɗowa jim kaɗan bayan an buga ta, amma rashin aikin ya daɗe bai sauka ba. Abin da ya ceci Thatcher a zaɓen 1983 ya haɗa da saukar farashi, da nasarar yaƙin tsibiran Falkland, da rabuwar kan 'yan adawa.

Inda aka ga sauyi na haƙiƙa shi ne mallakar gwamnati. Dokar 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame, fiye da miliyan ɗaya suka saya kafin ƙarshen shekarun 1980. Aka sayar da kamfanin tarho a 1984, na gas a 1986, na jiragen sama a 1987, na ƙarfe a 1988, na ruwa a 1989, na lantarki daga 1990. Tsohon firaminista Harold Macmillan, ɗan jam'iyyar Thatcher, ya kwatanta abin da gidan da ya fara sayar da kayan gado. Mahaƙan kwal sun yi shekara guda suna yajin aiki daga 1984 zuwa 1985, suka koma aiki ba tare da sun sami komai ba.

Ministan kuɗi Nigel Lawson ne ya kai rage haraji maƙura. Ya soke ƙarin kashi 15 na kuɗin jari a 1984, ya sauko da harajin kamfanoni daga kashi 52 zuwa 35, sannan a watan Maris na 1988 ya mayar da harajin ƙoli kashi 40, na gama-gari 25. Hayaniya ta sa sai da aka dakatar da zaman majalisa a ranar. Magoya baya na nuna cewa kason da manyan masu samu ke biya a jimillar harajin kuɗin shiga ƙaruwa ya yi bayan ragin, kuma haka ne. Sai dai wani ɓangare na dalilin shi ne samunsu ya yi wa na sauran jama'a fintinkau. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: harajin man Tekun Arewa, wanda ya kai kusan fam biliyan 12 a shekara a tsakiyar shekarun 1980, da kuɗin sayar da kamfanoni, su ne suka ba gwamnati sararin yin wannan kyauta. Ragin na 1988 ya faɗo kan tattalin arzikin da ya riga ya ɗau zafi, farashi ya sake tashi, kuɗin ruwa ya kai kashi 15 a watan Oktoban 1989.

Sai harajin kai. Ƙananan hukumomin Birtaniya sun daɗe suna samun kuɗi daga harajin gida, wanda ake yankawa gwargwadon darajar gidan. Masu ra'ayin kasuwa suka ce a nan ɓarna take: kusan rabin masu jefa ƙuri'a ne kawai takardar ke zuwa da sunansu, saura kuwa sai su zaɓi kansilolin da ke kashe kuɗi ba ji ba gani, tunda ba aljihunsu ne ke kuka ba. Maganin, in ji su, shi ne kowane baligi ya biya kuɗi iri ɗaya, don kowa ya ji zafin abin da ya zaɓa. A kan takarda hujjar ta tsaru. Ɗalibai da marasa galihu kashi 20 kawai za su biya. Amma ma'anarta a aikace ita ce attajirin da ke zaune shi kaɗai a katafaren gida zai biya daidai da mai kwasar shararsa, gidan talaka mai baligai huɗu kuma ya biya ninki huɗu. Lawson da kansa ya yi gargaɗi a cikin gwamnati, ba a ji ba. Adam Smith, wanda suke ɗauka uban tafiyarsu, tun a 1776 ya rubuta cewa kowa ya biya gwargwadon ƙarfinsa, ya kuma soki harajin kai. Tarihin ƙasarsu ma ya isa ishara, domin irin wannan haraji ne ya tayar da boren manoma na 1381.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar a fassara masa wannan haraji. Shi ne wanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓa wa En'e, wanda ke sa magidanci ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da damina, ko ya tafi cin rani ya ƙi dawowa. Shi ne NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi shekaru tana yaƙa. A 1979, shekarar da Thatcher ta hau mulki, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. A nan 'yan ra'ayin talakawa ne suka soke shi. Shekara goma bayan haka masu cewa sun zo ceton jama'a daga haraji suka ɗora shi a kan mutanensu.

An fara karɓarsa a Sikotland a watan Afrilun 1989, a Ingila da Wales shekara guda bayan nan. Takardun suka fito da adadi sama da abin da gwamnati ta yi hasashe, matsakaici kusan fam 360 a kan kowane mutum a Ingila, kuma jama'a gwamnatin tsakiya suka zarga, ba kansiloli ba. Miliyoyi suka ƙi biya, kotuna suka cika. Ranar 31 ga Maris 1990 zanga-zanga a dandalin Trafalgar ta rikiɗe ta zama tarzoma. 'Yan majalisar jam'iyyar Thatcher suka fara lissafin kujerunsu. Rikici kan batun Turai ne ya sa Howe ya yi murabus ranar 1 ga Nuwamba, ya buɗe wa Michael Heseltine ƙofar ƙalubalantarta, amma tsoron harajin kai ne ya ba Heseltine ƙuri'u. A zaɓen shugabancin jam'iyya ta sami 204, shi 152, ƙuri'a huɗu ta rasa ta tsallake a zagayen farko. Ranar 22 ga Nuwamba ta sanar da sauka, bayan shekara goma sha ɗaya da rabi.

Idan aka zo lissafi, masu sukar sun ci wasu fagage cin da ba a sake juyawa ba. Tony Blair na jam'iyyar Leba ya hau mulki a 1997 bai taɓa kashi 40 ɗin nan ba, bai kuma dawo da tarho da gas hannun gwamnati ba. Sai a 2010 aka ɗaga harajin ƙoli zuwa 50, aka sauko da shi 45 a 2013. Babu wata babbar jam'iyya da ta sake maganar kashi 83. Amma babbar gwamnatin da suka zo rushewa tana nan daram. Thatcher ba ta rushe NHS ba, ta ma sha alwashin kare ta, domin ta san jama'a ba za su yafe ba. Kuɗin da ake kashewa kan lafiya da fansho da tallafi ƙaruwa ya yi a zamaninta, kuma kason arzikin ƙasa da ake karɓa a matsayin haraji ta bar shi kusan inda ta same shi. Kayan ne aka sauya wa kafaɗa. A watan Satumbar 2022 Firaminista Liz Truss ta gwada soke kashi 45 da kuɗin bashi, kasuwar da take yi wa kirari ce ta juya mata baya, ta bar ofis bayan kwana 49.

Shi kuwa harajin kai, John Major, wanda ya gaji Thatcher, ya tarar da shi ya nemi hanyar binne shi. A kasafin 1991 aka rage wa kowa fam 140, aka cike giɓin da ɗaga VAT zuwa kashi 17.5, sannan a 1993 aka koma yanka haraji bisa darajar gida. Antony Fisher bai ga wannan ba, ya rasu a 1988. Harajin sayayyar da Howe ya tarar a kashi 8, tun watan Janairun 2011 kashi 20 ne.